Kwana 19 da Autanmu Ya Yi Yana Jiran a Cire Masa Jijiyar Haƙori

Ƙarfe 2 da 'yan mintuna na dare matar ƙanina ta kira ni, a makon farko na Disamba, hunturu ya fara kankama a Kaduna. Ban gama amsa sallamarta ba na jiyo nishinsa ta bayanta. Ta ce, "Yaya, ya ƙi zama, ya ƙi kwanciya, sai zagaye tsakar gida yake yi riƙe da kumatu." Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba a sashen haƙori nake aiki ba, amma duk gidan da Allah ya ba su mai sa fararen kaya, to ita ce likitar kai, ta ciki, ta ido, har ta haƙori.

Auta muke ce masa, ko da yake ya ba shekara 30 baya. Tela ne a Tudun Wada. Ba shi da suga, ba hawan jini, ba gyambon ciki, ba asma, ƙodarsa lafiya lau. Na lissafo waɗannan tun yanzu domin maganin da aka ba shi daga baya a kansu ya dogara, kuma wanda ke da ɗaya daga cikinsu lissafinsa daban ne. Abin da yake da shi dai ɗabi'ar teloli ce. Kofin shayi mai madara da suga a gefen keke, yana kurɓa kaɗan-kaɗan tun magariba har tsakar dare, alewa a aljihu don kar barci ya ɗauke shi, sannan ya yanke zare da haƙori alhali ga almakashi a gabansa. Yawan sugan ma bai kai yawan maimaita shi illa ba. Duk kurɓa guda ƙwayoyin cutar da ke maƙale a haƙori sai su sami abinci, su fitar da tsami mai cin haƙorin, kuma miyau ba ya samun sararin gyara ɓarnar kafin wata kurɓar ta zo.

Haƙorin da ake magana a kai turmi ne na farko a ƙasa, ɓangaren dama. Shi wannan turmin tun yaro yana kamar shekara 6 yake fitowa, a can bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya famfare masa ba, shi ya sa iyaye da yawa suke zaton na yarinta ne, zai faɗi wani ya fito. Ba ya faɗuwa, kuma shi ne kan gaba wajen yin kogo. Na Auta ya fi shekara da kogo. Duk sanda ya ci tsire sai nama ya maƙale, ya sa tsinke ya sakace, wani lokaci ma allurar ɗinki. Wata 3 kafin wannan daren, in ya sha ruwan sanyi sai ya ji tsam, nan take kuma ya wuce. Da a lokacin ya je asibiti, mai yiwuwa ciko kaɗai ya wadatar. Daga baya sai tsam ɗin ya daina wucewa, ya koma zugi mai daɗewa, yana harbawa har cikin kunne. Ya ma taɓa sayen maganin ɗigawa a kunne.

Da safe na kai shi wani asibitin haƙori a cikin gari. Likitan ya ɗora auduga mai sanyi a kan haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyun suka ji sanyi suka manta. Da aka zo kan turmin, Auta ya zabura har ya bugi fitilar da ke saman kujera, aka ɗauke audugar amma zugin ya fi minti bai lafa ba. Likita ya ƙwanƙwasa haƙorin da gindin madubinsa, bai ji komai na a zo a gani ba. Aka ɗauki hoto, ga kogo ya ci har ya isa ɗakin jijiya, amma ƙashin da ke ƙarƙashin saiwa bai taɓu ba.

Bayanin da ya yi mana shi ne wannan. A tsakiyar kowane haƙori akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da nama mai laushi, da jijiyoyin jini da na ji, waɗanda ke shigowa ta wata 'yar ƙofa a ƙarshen saiwa. In yatsa ya kumbura, fata takan saki ta ba shi wuri. Naman cikin haƙori kuwa bango mai tauri ne ya kewaye shi ta ko'ina, don haka in ya kumbura kansa yake matsewa. Shi ya sa ciwon ke tsananta da dare: da mutum ya kwanta jini ya ƙaru a kai, matsin ya ƙaru. Kuma in kumburin ya kai inda na Auta ya kai, ba ya komawa baya. Mafita biyu ce, ko a cire haƙorin, ko a yi aikin da su likitoci ke kira rut kanal, mu kuma muke cewa cire jijiya: a huda haƙorin ta sama, a kwashe naman, a wanke hanyoyin saiwar, a toshe su, haƙorin ya ci gaba da zama yana tauna.

Hajiyarmu da ta ji labari a waya cewa ta yi, "A cire shi mana a huta, saura 31 ba su ishe shi ba?" Kuɗin cirewa ma bai kama ƙafar na cire jijiya ba. Amma turmin farko shi ne ke ɗaukar nauyin tauna, kuma in aka bar gurbinsa fili, na bayansa yakan kwanto, na sama ya zazzago. Auta ya zaɓi a bar masa abinsa. Matsalar ita ce layi. Likitan da ke wannan aikin kwana biyu kawai yake yin sa a mako, rana mafi kusa da aka samu sai bayan kwana 19. Shi ma Auta bai ƙi hakan ba, don kuɗinsa suna hannun masu ɗinkin biki.

Kuskure na farko nawa ne. Akwai taimakon gaggawa da likitan haƙori kan yi cikin ƙanƙanin lokaci: ya yi allurar kashe zafi, ya buɗe haƙorin, ya kwashe naman da ya kumbura a ɗakin sama, ya sa magani ya rufe da ciko na wucin gadi, a bar sauran aikin sai ranar layi. Wannan ya fi kowace ƙwaya kwantar da irin wannan ciwo. Na san da shi sama-sama, amma asibitin cike yake, Auta na duba agogo, ni kuma na yi kara ban tambaya ba. Da na tambaya, da wataƙila labarin nan bai yi tsawon da ya yi ba.

Takardar da likita ya rubuta gajeriya ce. Ibufurofen miligiram 400 da farasitamol miligiram 1,000, a sha tare sau 3 a rana, bayan an ci abinci, na kwana 5, daga nan a rage gwargwadon hali, in abin ya gagara a dawo. Magungunan biyu ba hanya ɗaya suke bi ba. Ibufurofen kumburin yake ragewa a wurin, farasitamol kuma ji yake dusashewa, shi ya sa haɗa su ya fi kowanne shi kaɗai tasiri a ciwon haƙori. Na ɗaure masa lokutan da abin da ba zai manta ba: 6 na safe bayan ya dawo masallaci ya karya, 2 na rana bayan azahar, 10 na dare. Na ce masa, "Auta, agogo za ka bi, ba ciwo ba." Mutanenmu sai zugi ya kai su bango sannan su nemi ƙwaya, su haɗiyi ninki biyu, su yi ta jiran ta kama. Maganin da aka sha kafin na baya ya sake shi ne yake riƙe ciwo da ɗan kaɗan.

Tun a bakin ƙofar asibitin ya fara mita. "Yaya, wannan likitan ko kafso bai rubuta ba." A wurinsa, kamar yadda yake a wurin mutane da yawa, takardar da babu amoksisilin ba takarda ba ce. Amma a wannan matakin ciwon kumburi ne a kulle cikin haƙori, ba cuta ce da ta bazu a jiki ba, kuma kafso ba ya rage zuginsa. Ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a 2019 cewa kar a ba mai lafiyayyen jiki maganin kashe ƙwayoyin cuta saboda irin wannan ciwo, sai in an ga zazzaɓi ko alamar cutar ta fara yaɗuwa. Abin da kafson banza ke yi shi ne ya ɓata ciki, ya kuma horar da ƙwayoyin cuta su daina jin magani ranar da ake buƙatarsa da gaske.

Kwana 4 na farko lafiya lau. Ya koma shago. Yana kwana a kishingiɗe da filo 3. In zai hau babur da sassafe sai ya naɗe baki da hirami, domin iskar hunturu kaɗai in ta ratsa kogon nan ta isa ta tayar da zugi. Abinci mai ɗumi, ba zafi ba sanyi, tauna a hagu. Bayan kowane cin abinci ya kuskure baki da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi. Na hana shi sakace da allura, na kuma hana shi abin da yawancin masu ciwon haƙori ke yi, wato daina goge wannan ɓangaren gaba ɗaya. Buroshi mai laushi, a hankali, amma a goge.

Hajiya ta aiko da kanumfari a ƙulle, kuma ban hana ba. Man da ke cikin kanumfari yana sandarar da wuri na ɗan lokaci, har su likitocin haƙori suna da wani siminti na wucin gadi da ake haɗawa da shi, shi ne ma ƙamshin da kan tarbi mutum a ɗakunansu. Ya tauna guda ɗaya ya jingina a gefen haƙorin, ya sami sauƙi na ɗan lokaci. Iyakarsa ke nan. Man kanumfari tsantsa kuwa in aka kwarara shi a dasashi ƙonawa yake yi.

Rana ta 6 aka fara kwaɓa. Ɗinkin anko ya yi masa yawa, ya kwana a shago, ya tsallake na ƙarfe 10 da na asuba, ciwo ya dawo da ƙarfinsa. Shagon tela kuwa majalisa ce, kowa da maganinsa. Wani ya ce ruwan batir, wani ya ce a ɗiga fetur, wani ya ce akwai mai fitar da tsutsar haƙori da hayaƙi. Waɗannan Allah ya taimaka bai yi ba, haka tiramol ɗin da wani yaro ya miƙo masa, don ya ga yadda ta mayar da samari a unguwa. Wanda ya yarda da shi shi ne garin maganin ciwon kai na 'yar leda, mai asfirin a ciki, aka ce ya danna a kogon ya kwanta a kai. Sannan yaron shago ya karɓo masa haɗi a kemis.

Da na je da daddare na ce ya buɗe baki. Dasashin gefen haƙorin da cikin kumatunsa sun yi fari fat, fatar tana saɓulewa kamar takardar da ta jiƙe. Asfirin tsami ne, ba ya ratsa haƙori ya isa jijiya, naman da ya taɓa kawai yake ƙonawa. Na ce ya zazzage min duk abin da ke aljihunsa a kan teburin yanka. Ga ibufurofen da farasitamol na likita. Ga haɗin kemis a farar leda ba suna ba kwali, amma na gane diklofenak a ciki da wani farasitamol ɗin. Ga kuma maganin mura da yake sha sau 3 saboda ƙurar hunturu, wanda bayan kwalinsa ya nuna kowace ƙwaya na ɗauke da farasitamol miligiram 500. Na ɗauki allin da yake zana yadi na yi lissafi a kan teburin: 3,000 na likita, 1,500 na mura, 500 na haɗi, jimla 5,000 in ya sha duka a yini guda. Iyakar babban mutum 4,000 ce a awa 24, kuma hanta ba ta kuka da wuri, sai ɓarna ta yi nisa. Diklofenak da ibufurofen da asfirin kuma 'yan gida ɗaya ne. Tara su ba ya ƙara sauƙi, ciki da ƙoda yake ci. Ya ce dama tun rana yake jin ƙirjinsa na zafi. Na kira likitan, ya ce a zubar da haɗin, a ajiye maganin murar, a dakata da ibufurofen kwana 2, a ci gaba da farasitamol kaɗai. Waɗannan kwana biyun ya ji jiki.

A rana ta 8 ciwon ya sauya hali. Sanyin da yake gudu ya zama abokinsa, shayi ya zama abokin gaba. Na same shi cikin rigar sanyi da hula, yana riƙe da ledar ruwa mai ƙanƙara, ya guntsa ya riƙe a kumatu, da ruwan ya ɗumama ya tofar ya sake guntsa. Wannan alama ce da likitocin haƙori suka sani sarai, ta jijiyar da ta kusa mutuwa. Na ce mu koma asibiti, ya ce akwai amaryar da za a kai ranar Asabar.

Ranar ta 10 ya kira ni da safe yana dariya. "Yaya, an warke. Jiya barci na yi har aka tada ni sallah." Ya sha shayi, ya sha ruwan sanyi, shiru. Hajiya ta ce kanumfarinta ne da addu'a. Shi kuma har ya fara lissafin kuɗin da ya tara, wai gara ya sa su a gyaran janareta.

A duk kwana 19 ɗin nan, babu ranar da ta fi wannan haɗari, kuma ita ce ranar da na fi shan wuyar shawo kansa. Ya za ka ce wa wanda ya daina jin ciwo bai warke ba? Jijiyar ce ta mutu, mai kai rahoton ya faɗi, amma ƙwayoyin cutar da suka kashe ta suna nan, yanzu ma sun sami ɗaki mai ɗumi cike da ruɓaɓɓen nama, inda jini ba ya shiga, balle sojojin jiki ko magani su bi su. Hanya ɗaya ta rage musu, 'yar ƙofar nan ta ƙarshen saiwa, zuwa cikin ƙashin muƙamuƙi. Wutar ƙaiƙayi ke nan. Wani takan ɗauke shi watanni ko shekaru kafin ta nuna, wani kwanaki. Na ce masa, "Ka taɓa kuɗin nan, ni da kai ne." Ya ce to, amma na ji a muryarsa ganin girma ne kawai.

Rana ta 13 ya ce haƙorin kamar ya fi sauran tsawo, shi ke fara haɗuwa in ya rufe baki. Rana ta 14 ko harshe ya taɓa shi sai ya ji, kumatu ya ɗan tasa. Matarsa, da kyakkyawar niyya, ta dafa ruwa ta yi ta gasa masa fuskar da tawul, yadda ake yi wa targaɗe ko maruru. Kumburin haƙori ba a gasa shi daga waje. Tsumma mai sanyi ake ɗorawa na minti 15 zuwa 20 a ɗauke, shi ma kafin a isa asibiti ne. Ba su gaya min ba sai asubar rana ta 15.

Na same shi kwance, gefen fuskarsa ya ciko har layin muƙamuƙi ya fara ɓacewa, ma'aunin zafin jiki ya nuna 38.4. Abubuwan da na duba su ne waɗanda duk mai jinyar irin wannan ya kamata ya duba. Na ce ya buɗe baki, yatsu biyu suka shiga da ƙyar, alhali lafiyayye uku yake ɗauka. Na ba shi ruwa ya haɗiye, ya wuce. Na ce ya ɗaga harshe, ƙarƙashinsa bai tasa ba. Na taɓa ƙasan haɓa, da laushinsa. Muryarsa ba ta sauya ba, numfashi daidai. Tsorona shi ne cutar da wani likitan Jamus, Wilhelm Friedrich von Ludwig, ya siffanta a 1836, inda kumburi daga turamen ƙasa ke bazuwa a ƙarƙashin harshe da haɓa, ya tura harshen sama da baya har ya toshe hanyar iska. Wanda ya kasa haɗiyar miyau, ko ƙasan haɓarsa ya yi tauri kamar katako, ko kumburi ya haura ya rufe masa ido, ba asibitin haƙori zai jira ya buɗe ba, sashen gaggawa na babban asibiti zai nufa ko da tsakar dare ne, asibitin Barau Dikko ko na sojoji na 44 ko duk wanda ya fi kusa. Auta bai kai nan ba, amma hanyar ya kama.

Ƙarfe 8 muna asibitin haƙorin, kuma wannan karon ban yi kara ba. Likita na ganin fuskarsa ya sa aka shigar da shi gaban layi. Ya huda haƙorin ta sama, sai ga mugunya ta biyo ramin, da wari irin wanda ba a mantawa. Kafin a gama wankewa na ga kafaɗun Auta sun sauka. Yanzu ne aka rubuta kafson da yake ta nema tun ranar farko, amoksisilin miligiram 500 sau 3 a rana, tare da metronidazol, shi ma maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, na kwana 5. Likitan ya dube shi ya ce, "Malam, hujin nan ne maganin, kafson ɗan rakiya ne." Zazzaɓi ya sauka washegari, kumburin ya saɓe cikin kwana 3.

Ranar ta 19, wadda da a cikinta za a yi aikin a kan haƙori mai tsabtar saiwa, sai ta zama ranar wanki na biyu. An sa masa shimfiɗar roba a baki ta ware haƙorin daga miyau, aka bi hanyoyi 3 na cikin saiwoyinsa biyu da 'yan siraran ƙarafa, ana auna tsawonsu, ana wankewa, aka cika su da wani farin magani mai kashe ƙwayoyin cuta, aka rufe na wucin gadi. Bayan mako 2 aka buɗe, aka ga sun bushe, aka toshe su da wani ƙaro mai kama da roba, aka yi ciko. Zama 3 maimakon 1 ko 2, ga kuɗin magani, ga kwana 4 da shago ya yi a rufe ana tsakiyar kakar biki. Sabon hoton ya nuna ɗan duhu a ƙarshen saiwa ɗaya, inda ƙashi ya ciwu, likita ya ce watanni yake ɗauka kafin ya cike, a dawo bayan wata 6 a sake hoto.

Saura hula, wato murfin da ake kifa wa haƙori. Turmin da aka cire wa jijiya an raraƙe cikinsa, in ba a rufe shi ba yana iya darewa a kan ƙashin tsire ko tsakuwar shinkafa, kuma in tsagin ya gangara cikin saiwa to sai cirewa. Hajiya ta daɗe ba ta gane zancen ba, sai da na ce mata kamar haƙorin Makka ne amma fari. Ta ce to ai da sai a sa masa na gwal ɗin a san an kashe kuɗi. Har yanzu bai sa ba. Ya ce sai ya karɓi kuɗin ɗinkin Sallah, kuma a hagu yake tauna.